Hannun Iyaye a Insha'in Neman Shiga Jami'a



1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a gidan da ake da yaron da ya gama sakandare ya san irin ɗawainiyar da takan taso a watannin neman shiga jami'a. Uba yakan sayar da buhun dawa ko tunkiya a sayi fom, uwa takan fasa asusu a biya kuɗin mota, yayye kuwa su yi ta kai da kawowa tsakanin makaranta da shagon kwamfuta. Wannan taimako na aljihu ne, kuma babu mai gardama a kansa. Abin da laccar nan za ta duba shi ne wani taimakon dabam, watau wanda iyaye kan bayar, ko su kasa bayarwa, a lokacin da aka ce yaro ya zauna ya rubuta ko shi wane ne, da abin da yake so ya karanta, da dalilin da ya sa yake son karanta shi. Irin wannan rubutu shi za a riƙa kira insha'in bayanin kai.

An zaɓi Lausu, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Rano a kudancin Jihar Kano, don a kafa misalai da ita, tare da maƙwabtanta na ƙasar Kibiya. Dalili kuwa shi ne a irin waɗannan wurare al'amarin ya fi tsanani. Galibin magidanta a can manoma ne, da yawa sun yi karatun allo da na littattafai, amma boko bai yi musu zurfi ba. Saboda haka tambayoyi biyu ke gaba. Ta farko, me uban da ba ya jin Turanci zai iya yi wa ɗansa a kan rubutun da za a karanta a Landan ko a Boston? Ta biyu kuma, kawun yaron da yake ma'aikaci a Kano, wanda Turanci ya zauna a bakinsa, ina iyakar inda ya kamata hannunsa ya tsaya?

2. Inda ake neman insha'in da inda ba a nema

Ya kamata a fara da bambance ƙofofi, domin ba kowace ƙofa ake ƙwanƙwasawa da insha'i ba. Kafin 1978 kowace jami'a a Nijeriya ita ke ɗaukar ɗalibanta da kanta. A shekarar ce aka kafa hukumar JAMB don ta haɗa jarrabawar shiga jami'o'i wuri guda. A 2005 jami'o'i suka fara yi wa ɗalibai gwaji na biyu bayan na hukumar, a 2010 aka haɗe jarrabawar jami'o'i da ta kwalejojin ilmi da ta kwalejojin fasaha ta zama ɗaya, sannan daga 2015 aka koma yin ta da kwamfuta gaba ɗaya. A jami'o'in Gwamnatin Tarayya akan raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilmin boko. A duk wannan tsari babu inda aka ce yaro ya ba da labarin kansa. Ɗan Lausu mai neman Jami'ar Bayero ta Kano, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, makinsa ne ke yi masa magana. Insha'in da yakan yi a jarrabawar Turanci ta WAEC, mai kalmomi wajen 450, a ɗakin jarrabawa ake yin sa, hannun iyaye ba ya kaiwa can.

A waje kuwa labari ya sha bamban. A Amurka akwai tsarin da ake kira Common Application, wanda kwalejoji 15 suka fara a 1975, yanzu kuma makarantu fiye da 1,000 ke amfani da shi. Yana neman insha'in da bai wuce kalmomi 650 ba. A Birtaniya hukumar UCAS tana ba mai nema haruffa 4,000, kuma ga masu shiga daga 2026 an kasa rubutun gida uku: dalilin son fannin, da yadda karatun makaranta ya shirya shi, da abin da ya yi a wajen makaranta. Haka nan shirin tallafin karatu na Gidauniyar Mastercard, wanda aka fara a 2012 don matasan Afirka, da makarantar African Leadership Academy ta Johannesburg, wadda ta buɗe a 2008, da tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, duk suna neman mai nema ya rubuta bayanin kansa. Wanda ya tsallake wannan a matakin farko zai tarar da shi a gaba, in ya zo neman sukolashif ɗin Chevening ko na Commonwealth don digiri na biyu.

Abin lura a nan shi ne, ƙofofin da ke neman insha'i sau da yawa su ne masu ɗauke wa yaro kuɗin makaranta da na abinci da na jirgi. Ɗan mai hali zai iya kauce musu ya biya kuɗinsa a wani wuri. Ɗan manomi kuwa, in yana so ya fita, ta nan hanyarsa ta bi.

3. Asalin al'adar da halin da take ciki

Neman bayanin kai daga ɗalibi bai fara da kyakkyawar niyya ba. Masanin zamantakewa Jerome Karabel, a littafinsa The Chosen na 2005, ya nuna yadda jami'o'in Harvard da Yale da Princeton, a shekarun 1920, suka ga 'ya'yan Yahudawa suna cinye jarrabawar shiga, sai suka ƙara wasu ma'aunai, watau halin ɗalibi da asalinsa da shaidar malamansa da abin da ya rubuta game da kansa, don su sami hanyar rage su. Daga baya ma'aunin ya juya, aka riƙa amfani da shi don a gano yaron da makinsa kaɗai bai bayyana irin wahalar da ya tsallake ba. A watan Yuni na 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, amma ta bar wa mai nema damar ya bayyana a rubutunsa yadda asalinsa ya shafi rayuwarsa. Wannan ya ƙara wa insha'in nauyi.

To, duk abin da ya yi nauyi a ma'auni, masu kuɗi za su nemi sayensa. A Amurka akwai masu sana'ar gyara wa yara insha'i, ana biyan su daloli masu yawa. A watan Maris na 2019 masu gabatar da ƙara a Boston suka tuhumi mutum 50, cikinsu har da iyaye 33, da laifin ba da cin hanci da maguɗin jarrabawa da ƙirƙira wa 'ya'yansu tarihin wasannin da ba su taɓa yi ba. Wasu daga cikin iyayen sun kwana a kurkuku. Bugu da ƙari, wani bincike da aka buga a mujallar Science Advances a 2021, wanda ya duba insha'i 240,000 na mutum 60,000 da suka nemi shiga Jami'ar Kalifoniya, ya gano cewa abin da yaro ya rubuta ya fi makinsa na jarrabawar SAT nuna arzikin gidansu. Sai kuma ga manhajar ChatGPT ta fito a watan Nuwamba na 2022, wadda za ta tsara wa mutum insha'i kafin ya gama shan ruwa. A 2024 Jami'ar Duke ta daina ba insha'i maki na lamba, domin ba ta da tabbacin cewa rubutun ɗalibi ne.

Darasin da ke cikin wannan ga mutanen Rano da Kibiya shi ne, Turanci mai santsi ya yi araha. Kowa yana iya samun sa. Abin da ya rage da tsada shi ne labarin gaskiya wanda babu mai shi sai yaron da ya rayu a cikinsa.

4. "Yabon kai jahilci"

A nan ne Bahaushe ke da tasa matsalar ta musamman. Tarbiyyar gida ta hori yaro da ya sunkuyar da kai gaban manya, kada ya tsoma baki sai an tambaye shi, kada ya ambaci alherin da ya yi. An ce yabon kai jahilci. Anthony Kirk-Greene, a laccarsa mai suna Mutumin Kirkii wadda aka buga a 1974, ya jera halayen da Hausawa ke auna mutum da su, kuma kunya da ladabi da haƙuri suna cikinsu. Ga shi kuma an miƙa wa yaron da aka rena a kan haka takarda, an ce ya cika ta da "ni". Dole hannunsa ya yi nauyi.

Daɗin daɗawa, akwai kunyar da ke tsakanin iyaye da 'ya'ya, musamman ɗan fari, wanda uwa ba ta kiran sunansa, uba kuma ba ya sakin jiki da shi a gaban mutane. Ɗan fari kuwa sau da yawa shi ne farkon mai neman jami'a a gidan. Watau mutanen da suka fi kowa sanin labarinsa su ne al'ada ta fi ɗaure wa baki.

Amma wanda ya ce Bahaushe bai san bayanin kai ba, bai duba da kyau ba. Ɗan dambe da maharbi da ɗan tauri duk suna yi wa kansu kirari a bainar jama'a, babu mai ganin laifinsu, saboda an san fili ne da aka keɓe don haka, kuma an san in ka yi kirari sai ka shiga fage ka nuna. Al'adar ba ta hana mutum faɗin kansa ba, ta dai yi masa wuri da lokaci, ta kuma ɗaure maganar da aiki.

A rubuce ma akwai magabata. Dorugu, wanda aka haifa a ƙasar Damagaram wajen 1840, an kama shi bawa yana yaro, aka 'yanta shi a Barno, ya bi matafiyin nan Heinrich Barth har Turai a 1855. Yana saurayi ɗan shekara goma sha, ya zauna ya ba J. F. Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi a cikin Magana Hausa a 1885. Daga baya ya koyar a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano, inda ya rasu a 1912. Haka kuma Baba ta Karo, tsohuwar da ba ta yi boko ba, ta ba Mary Smith tarihinta tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, har yau masana suna dogara da shi. Abin da ya raya labaran nan biyu shi ne kowannensu ya faɗi abin da idonsa ya gani, da sunan gari, da irin abinci, da wanda ya ce me, ba tare da ƙawa ba. Wannan shi ne ainihin abin da masu karanta insha'in bayanin kai ke nema, kuma fasaha ce da ke cikin kowane gida a ƙasar Rano.

5. Taimakon da ke cutarwa

Akwai hanyoyi uku da iyaye kan cuci yaro alhali nufinsu alheri.

Ta farko ita ce a miƙa aikin ga mai shagon kwamfuta. A da, wanda bai iya rubutu ba yakan je wurin marubucin wasiƙa a bakin kotu ko gidan waya, ya faɗi buƙatarsa a rubuta masa, kuma babu aibi a ciki, don saƙon ake so. Manomi yakan ɗauka wannan ma haka ne. Sai mai shago ya buɗo wani tsohon insha'i, ya sauya suna da gari, ya karɓi kuɗinsa. Hukumar UCAS kuwa tana da na'urar da ke gwada kowane rubutu da waɗanda aka taɓa aikowa, in ta ga kama sai ta sanar da jami'o'in da yaron ya nema.

Ta biyu ta shafi ma'aikata. Kawu ya ga rubutun yaro da ɗanyen Turanci, sai tausayi ya kama shi, ya ce, "Kawo nan in gyara maka." Kafin a ankara ya sāke shi duka da salon wasiƙar ofis, irin wadda ake farawa da "an umurce ni in sanar da kai". Wanda aikinsa shi ne karanta ɗaruruwan insha'i a shekara ba ya kasa bambance muryar ɗan shekara 17 da ta ɗan shekara 50. In ma an tsallake wannan, wasu masu ba da tallafi sukan kira yaro su yi hira da shi, a nan ramin ƙarya ke nuna ƙurarsa. Kada kuma a manta, mai nema yakan sa hannu cewa rubutun nasa ne. Kawun da ya rubuta masa ya sa shi shaidar zur a ranar farko ta neman ilminsa.

Ta uku ita ce a zaɓa wa yaro buri. Uba yana so a ce ɗansa likita ne ko lauya, yaro kuwa zuciyarsa tana ga aikin gona ko lissafi. Jarrabawar zaɓi-ka-cike tana iya ɓoye wannan, amma insha'i ba ya ɓoyewa, domin mutum ba ya iya kawo dalili mai rai a kan abin da ba ya so.

6. Taimakon da ke amfani

A ƙaddara wata yarinya ce a Lausu take neman tallafin karatun likitan dabbobi. Ta rubuta shafi guda, ta ce tun tana ƙarama take son taimakon al'umma, kuma ilmi shi ne ginshiƙin ci gaba. Babu ƙarya a ciki, amma yara dubu za su iya sa hannu a ƙarƙashinsa. Sai ta fassara wa mahaifiyarta da Hausa. Uwar ta saurara, sannan ta ce, "Ke kin manta shekarar da annobar kaji ta shigo da hunturu? Ke ce kika ware marasa lafiya a bayan rumbu, kika hana ƙannenki zuwa wurin, kina ƙirga waɗanda suka mutu kina rubutawa a bayan littafinki. Da kuɗin waɗanda suka tsira aka saya miki kayan makaranta." Yarinyar ba ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin abin faɗa ba. Ga shi kuwa a cikinsa akwai lura, da daukar mataki, da ajiye lissafi, da dalilin son fannin, duk ba tare da ta yabi kanta da kalma ɗaya ba. Uwar ba ta san harafin Turanci ko ɗaya ba, amma ita ta ba da abin da insha'in zai tsaya a kai.

Daga wannan misali ana iya fitar da ayyukan da suka dace da iyaye.

Na farko, tuni. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma wannan ya haɗa da rayuwar yaron kansa. Inda kunya ta hana uwa ko uba, sai a nemi kaka ko goggo ko kawu, waɗanda al'ada ta sakar wa baki.

Na biyu, izini. Yaron da aka hora da kawaici yana bukatar babba ya ce masa, "Faɗi abin da ka yi, wannan ba fahariya ba ce." Ƙa'idar mai sauƙi ce, watau a faɗi aiki a bar wa mai karatu yabo.

Na uku, tsaron mutuncin gida. Wasu yara sukan ɗauka sai sun baje talaucin gidansu da rashin lafiyar iyaye da rikicin kishiyoyi kafin a tausaya musu. Sirrin nan ba na yaron kaɗai ba ne. Ya kamata a zauna a yi shawara kan abin da za a faɗa da wanda za a rufe, kuma kada a ƙara gishiri. Masu ba da tallafi sun fi son jin abin da yaro ya yi da halin da ya sami kansa a ciki.

Na huɗu, lokaci. Wa'adin neman Oxford da Cambridge da fannin likita a Birtaniya tsakiyar Oktoba ne, sauran kuma a Janairu. A Amurka wa'adin farko yakan faɗo a farkon Nuwamba, na biyu a farkon Janairu. Waɗannan watanni su ne kaka a ƙasar Rano, lokacin da kowane hannu ke da aiki a gona. Uban da ya ɗauke wa ɗansa yankan dawa na 'yan sa'o'i, ya biya masa kuɗin cajin waya da na data, ya yi taimakon da ya fi na mai gyaran nahawu.

Shi kuwa ɗan'uwa mai ilmin boko, aikinsa tambaya ce. Ya karanta ya ce, "Me kake nufi a nan? Sai me ya faru? Wannan kalma ka san ma'anarta?" Yana iya nuna inda nahawu ya karye, ya bar yaro ya ɗora da kansa. Ma'aunin da zai riƙe shi ne, duk jimlar da yaron ba zai iya bayyana ta da bakinsa ba in an tambaye shi, ba tasa ba ce, a cire ta. Yana da kyau kuma a bar yaro ya fara zubo tunaninsa da Hausa, ko da baki ko a rubuce, sannan ya sāke gina shi da Turanci, don harshen da aka yi rayuwar da shi ya fi saurin tono ta.

7. Kammalawa

Akwai kaso na makaranta da na hukuma. Malaman Hausa da na Turanci suna koyar da insha'in labari da na siffantawa da na muhawara da rubutun wasiƙa. Babu abin da zai hana su riƙa ba ɗalibai aikin rubuta wani abu da ya faru da su, su je gida su tambayi manya, tun daga ajin farko na babbar sakandare. Jami'an ilmi na Rano da Kibiya, da ƙungiyoyin iyaye da malamai, da ƙungiyoyin ɗalibai 'yan asalin yankin da ke jami'o'i, suna iya shirya zama a lokacin hutu don a bayyana wa iyaye da Hausa abin da ake nema, a kuma sanar da su wa'adi tun da sauran lokaci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

An nuna cewa tsarin shiga jami'o'in Nijeriya bai dogara da insha'i ba, amma hanyoyin tallafi na waje sun dogara da shi, kuma su ne ɗan talaka ya fi bukata. An nuna kuma cewa manomin Lausu yana riƙe da abin da rubutun ke bukata, ko da bai sani ba, ma'aikacin birni kuwa haɗarinsa shi ne yawan iyawa. Yaron da aka rubuta wa insha'i yana iya samun gurbi, amma zai isa makaranta inda za a ce ya rubuta wani, babu kawu a kusa. Wanda aka zauna da shi aka tuna masa, aka tambaye shi, aka bar masa alƙalami, ko bai dace a wannan shekara ba, ya san abin da yake nema da dalilinsa, kuma da wannan zai sāke nema baɗi.

Allah ya yi wa zuri'a albarka, ya sa a dace.